Ɗigo Uku a Fuffuke

Ranar Asabar

Zuwa ga Kawu mai hoto,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ina gaida mai ɗakinka da sauran mutan gida. An ce mini ciwon gwiwa ya matsa maka bana, Allah ya kawo sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai aiki.

Na san sai ka yi tunani kafin ka gane ni. Ni ce 'yar marigayiyar nan da kakanta da kakanka suke uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ka taɓa ɗauka hoto a shagonka da farin mayafi, tana zaune a kujera mai hannu. Hoton yana rataye a ɗakina, kuma a hatimin da ke bayansa na samu adireshinka. Sau ɗaya muka haɗu, ranar rasuwarta, ka ce in wani abu ya taso in neme ka. To Kawu, shekara goma sha ɗaya ke nan, ga shi abin ya taso.

Malamar gona ce ni yanzu. Masu lambu ashirin da shida ne a hannuna, kusan dukkansu kabeji suka shuka. Sati uku ke nan wata tsutsa ta faɗa musu, tana mayar da ganye kamar rariya. Mun fesa maganin da muka saba, ko gezau. Uwar tsutsar wani ɗan faɗa-wuta ne mai ruwan toka, tsawonsa bai fi ƙwayar shinkafa ba. Iri biyu ne masu kama da juna: na gida, wanda maganinmu ke kashewa, da wani baƙo da ba ya jin komai sai magani na musamman. Wannan maganin yana babban sito a can garinku, kuma ba a fitar da shi sai Dakta na ofishin binciken ƙwari ya sa hannu cewa baƙon ne.

Na aika masa ƙwarin a kwalba, kafin su isa garin da ke kan fuffukensu ya goge tas. Ya ce in aiko hoton mai rai, wankakke a takarda, fuffuke ya fito sosai. Na aika guda shida. Amsarsa layi ɗaya ce: "Ban ga komai ba."

Nan da kwana ashirin kabeji zai fara naɗe kai. In ya rufe da tsutsa a cikinsa, babu maganin da zai same ta, aikin mutanen nan na wata uku ya tafi ke nan.

An ce kunnenka ba ya ɗaukar waya yanzu, shi ya sa na rubuto. Direban motar kaya yana zuwa garinku Asabar da Talata, yana dawowa Litinin da Alhamis, shi zai riƙa kai mana. Ga hotunan nan shida. Don Allah ka duba ka faɗa mini inda nake kuskure. Kyamarar ofis ce, 'yar baƙa mai gilashin da ke fitowa.

'Yarka,
Malamar gona

Ranar Lahadi

Zuwa ga 'yata malamar gona,

Wa alaikumus salam. Gwiwa tana nan tana abinta, mai ɗakina tana amsawa. Na gane ki tun layin farko, Allah ya jiƙan mahaifiyarki. Na so a ce gaisuwa ce ta kawo ki bayan shekara goma sha ɗaya, ba ƙwaro ba, amma ba komai, da tsohuwar zuma ake magani.

Na shimfiɗa hotunanki a kan tebur na sa tabarau. Daktan nan mutumin kirki ne da ya ce bai ga komai ba. Ni na ga abubuwa da yawa, sai dai babu na daɗi ko ɗaya.

Na ɗaya, ganyen ya fito ras har jijiyoyinsa, ƙwaron kuwa hayaƙi ne. Hoton kabeji aka ce ki aiko? Na biyu da na uku hannunki ya yi rawa. Na huɗu kin dalle shi da filasha a kusa, ya koma fari fat kamar an zuba masa gishiri. Na biyar ban san me kika ɗauka ba, mai ɗakina ta ce kwalta ce. Na shida ƙwaron ya ba ki baya, kuma ban ga laifinsa ba.

Ki saurara. In kin matso kusa da ƙaramin abu, wurin da ke fitowa tar a hoto ba ya wuce kaurin takardar nan. Duk abin da ya gota gaba ko baya sai ya yi dishi-dishi. Saboda haka ki durƙusa, gilashin kyamara ya fuskanci fuffuken kai tsaye, ba ta sama ba, ba a karkace ba. Akwai alamar fure a jikin kyamararki, ki danna ta. Ki matse ƙofar haske, lambar ta kai sha ɗaya. Ki kafa gwiwar hannu a ƙasa ko a kan bulo, ki riƙe numfashi, sannan ki danna a hankali. In bai fito ba kada ki yi ta murɗe-murɗe, ke ce za ki matsa gaba ko baya da jikinki.

Filasha kuwa, ki yanki farar takarda ki lanƙwasa a gabanta da tazarar yatsa biyu, haske ya yi laushi. Kuma ki fita da sassafe kafin rana ta taɓa ganye, lokacin ƙwari suna cikin sanyi ba sa motsi. Mai ɗaukar ƙwaro da tsakar rana wahala yake nema.

Abu na ƙarshe, gilashinki da datti. Akwai ɗigo-ɗigo baƙaƙe a kusurwar kowane hoto, wuri ɗaya. Ki samu ƙyalle mai laushi ki goge. Shekara talatin da huɗu ina wannan sana'a, hoto mai tabo bai taɓa fita daga shagona ba.

Kada ki sake wanke su a can, mai wankinku yana zuba musu ja kamar barkono. Ki aiko katin kyamarar, in duba a kwamfutata.

Kawunki mai hoto

Ranar Talata

Kawu,

Ina gaisuwa, da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Na karanta wasiƙarka sau biyu. Karon farko na ji haushi, karo na biyu na ɗauki biro na ja layi a ƙarƙashin abin da zan yi. Maganar shekara goma sha ɗaya kuwa, hanyar da ta taso daga nan zuwa can, ita ce ta taso daga can zuwa nan.

Yau tun gari bai gama wayewa ba ina lambun wani tsoho da muke ce wa Baba na Ƙarshe, don lambunsa ne a ƙarshen layi. Shi ya riga kowa dasawa, nasa ne zai fara naɗewa, kuma nasa tsutsar ta fi ci. Na durƙusa a cikin laka kamar yadda ka ce, na kafa hannu a kan bulo, na riƙe numfashi har idona ya yi duhu. Baba yana tsaye a kaina da butar ban ruwa, ya ce, "Malama, hoton nan shi zai kashe su?" Na ce a'a. Ya ce, "To ni ban gane ba." Na ci gaba da dannawa.

Ba ka faɗa mini cewa ganye ma yana motsi ba. Ni na tsaya cak, ƙwaro ya tsaya cak, sai iska ta kaɗa ganyen. Takardar filasha ta faɗi cikin ruwa sau biyu. Da na matse ƙofar hasken zuwa sha ɗaya sai komai ya yi duhu. Gilashi na goge shi har ƙyallen ya gaji, amma ɗigon kusurwa suna nan.

Na ɗauki talatin da ɗaya. A idona uku sun yi kyau: na tara, na sha bakwai da na ashirin da biyu. Ga katin nan cikin ambulan, na naɗe shi da takarda. Shi kaɗai gare mu, kwamfutar ofis kuma ta daɗe da mutuwa, don haka ka maido mini da shi ranar Alhamis ba fashi.

Saura kwana goma sha bakwai.

'Yarka

Ranar Laraba

'Yata,

Lafiya muke, gwiwa dai sai addu'a. Ga katinki nan.

Na tara, ƙafar ƙwaron ce ta fito, fuffuke babu. Na sha bakwai fuffuke ya fito rabi, rabin ya narke, don kin tsaya a karkace bayan na ce kada ki karkace. Na ashirin da biyu ya fi dama, sai dai ƙwaro mai ruwan toka a kan ganye mai ramuka, ido bai san inda zai sauka ba. Ki sa wani abu mai launi ɗaya a bayansa, ko bangon littafi ne. Sauran ashirin da takwas ban ga dalilin da kika ba su wuri a kati ba.

Ganye yana motsi, kin ce. To ai hannu biyu Allah ya ba ki. Ki tsinke ganyen a hankali da ƙwaron a kai, ki maƙale shi da abin shanya a jikin bulo, ki kare iska da kwali. Duhu kuma, ki matso da takardar filasha kusa kaɗan. In ƙwaron ya ƙi zama, ki sa shi a kwalba ki ajiye a firiji minti biyar, zai fito a sanyaye ya ba ki kamar minti biyu. Biyar na ce, ba goma ba.

Ɗigon da suka ƙi gogewa, ƙura ce ta shige cikin kyamarar. Wannan ba aikinki ba ne, ni zan share su a kwamfuta in lokaci ya yi.

Wallahi da ni ne shugabanki, da na karɓe kyamarar nan na ba ki fartanya. Sake ɗauka.

Kawunki

Ranar Lahadi

'Yata,

Ina fatan lafiya. Jiya na zauna a bakin shago har direba ya gama sauke kaya, ya ce ba ki ba shi komai ba. Na ce ya sake duba aljihu, ya duba, babu.

Mai ɗakina ta ce bakina ne ya kore ki, wai maganar fartanya. Haba! Wasa ne. Maigidan da ya koya mini aiki yaga hotunana yake yi a gabana ya ce in share shago da su. Wanda ba na sa ran zai iya, ba na ɓata tawada a kansa.

In fushi kike yi, ki yi shi bayan kabeji ya tsira. Na ƙirga, saura kwana goma sha biyu.

Kawunki

Ranar Talata

Kawu,

Ina gaishe ka, a gaida mai ɗakinka, a ce mata ta canka daidai. Ba ka san cewa a ranar da wasiƙarka ta zo, shugabanmu ya ce mini kusan haka a gaban mutane ba, kuma shi ba wasa yake yi ba. Ya ce tsutsar gida ce, masu lambu ne ba su iya feshi ba, ni kuma ina yawo da kayan ofis ina wasan yara. Sai na buɗe ambulan ɗinka ina neman abin da zai sanyaya mini rai, na tarar da fartanya. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Ranar Asabar kuma ba ni da hoton da zan iya nuna maka, shi ya sa na yi shiru.

Firiji ya so ya jawo mini rigima. Namu na ofis ba ya aiki, na je wurin mai shagon da ke kallonmu. Ya ga kwalbar ya ce, "Malama, ƙwari a cikin lemon mutane? Ki rufa mini asiri." Da ƙyar ya yarda, na naɗe ta a baƙar leda. Ƙwaro na farko na manta shi ina amsa kiran shugaba, na dawo ya mutu. Na biyu ya fito da raɓa a jikinsa. Na uku ya zauna mini a kan ganyen da na maƙale, da shuɗin bangon rajista a bayansa, kamar ya san abin da ake ciki.

Kawu, ina jin an samu. Ka duba daga na arba'in zuwa na arba'in da biyar. A na arba'in da ɗaya na sa rula a gefe don a ga girmansa, sai babban yatsana ya shiga, kuma hasken ya ɗan yi yawa, na san za ka yi faɗa. Na arba'in da huɗu shi ne nake alfahari da shi.

Lokaci ya ƙure, ba zan iya jiran katin ya dawo sannan in sake aikawa ba. Don Allah ka zaɓi wanda ya fi, ka wanke shi babba, ka kai wa Dakta da hannunka gobe. Ofishin yana bayan babban sito, hawa na biyu. Ga takardar da zai sa wa hannu na haɗo. Na san matakala da gwiwarka, ka yi haƙuri.

Kabejin Baba na Ƙarshe ya fara tattara ganyen tsakiya. Saura kwana goma, nasa ma bai kai ba.

'Yarka

Ƙari, a bayan takarda don wuri ya ƙare: jiya Dakta ya aiko wa ofis bayanin abin da yake nema. Baƙon yana da ɗigo uku baƙaƙe a jere kusa da gefen fuffuke, ƙanana ƙwarai, na gida ba shi da su. Na ƙara girman hoton a bayan kyamara, na gan su, a na arba'in da ɗaya da na arba'in da huɗu. Su ne komai.

Ranar Laraba

'Yata,

To, yau kin faranta mini. Gwiwa ma ta ji daɗi.

Na arba'in da huɗu hoto ne. Ido ya fito, gashin baki ya fito, fuffuke a miƙe daga tushe har baki, bayan kuma shuɗi lumui babu abin da ke jan ido. Na kira mai ɗakina na ce zo ki ga jininmu. Da a shagona kika koyi aiki, da yau na ba ki makulli. Na arba'in da ɗaya kuwa kada ki sake nuna wa kowa, yatsa kamar rogo ya cinye rabin hoto.

Na zauna a kansa awa biyu. Na daidaita haske, na yanke gefe, na share ƙurar nan ta kusurwa. Wasu ma sun hau kan fuffuken kansa, guda uku a jere, na bi su ɗaya bayan ɗaya na goge har ba za ki ce an taɓa ba. Hannuna bai manta aiki ba tukuna. Na wanke shi a takarda mai ƙyalli, na sa a kwali don kada ya lanƙwashe.

Matakala ashirin da biyu ce, na ƙirga. Dakta yana taro, na ba sakatariyarsa hoton da takardar, ta ce kafin Juma'a za ku ji. Har ta ce ba a taɓa kawo musu hoto mai tsabta haka ba.

Katin zan riƙe shi zuwa Litinin, ina so in wanke miki guda ki rataye. Ki gaida Baba na Ƙarshe, ki ce ya kwantar da hankalinsa.

Kawunki

Ranar Juma'a

Kawu,

Ina gaisuwa, don an koya mini in fara da ita.

Ka ɗauko wasiƙata ta ranar Talata, ka juya bayanta, ka karanta. Ina jira.

Jiya da na karanta taka, sai da na zauna a ƙasa. Na kira lambarka sau tara, tana ta ringi a aljihunka ba ka ji ba. Na kira ofishin Dakta, aka ce ba ya karɓar bayani ta waya, abin da ido ya gani yake sa wa hannu. Yau da hantsi amsarsa ta iso wurin shugabanmu: hoto ya fito sosai, fuffuke babu ɗigo, na gida ne, a ci gaba da maganin da aka saba. Shugaba ya karanta da ƙarfi a gaban kowa, ya karɓe kyamara ya kulle a durowa, ya ce magana ta ƙare. Ka ga addu'arka ta karɓu, saura fartanya.

Garin gyaran gira ka tsone mana ido, Kawu. Wa ya ce ka yi masa kwalliya? Ƙwaro ne, ba amarya ba. Kwana goma ina durƙuso a laka don ɗigon nan uku, kai kuma ka zauna awa biyu ka goge su, har kana yabon hannunka. Ban san da bakin da zan gaya wa mutum ashirin da shida cewa kawuna ne ya share musu magani don ya ga bai yi kyau a ido ba. Ɗazu Baba na Ƙarshe ya tare ni a hanya yana murmushi, ya ce ya ji an kai hoto. Na ce masa eh, na wuce da sauri.

Ni ma da laifina, da na sa maganar a gaba ba a baya ba. Amma ko ban rubuta ba, me zai hana ka tambaya kafin ka taɓa abin da ba ka sani ba?

Akwai abin da na daɗe da shi a rai, yau zan faɗa. Umma tana da tawadar Allah a ƙarƙashin idonta na hagu. Ina ƙarama nakan sa yatsa a kai in tana goya ƙanena, ta ce in bari. A hoton da ka ɗauke ta babu. Shi kaɗai ne hotonta da muke da shi. Shekara goma sha ɗaya ina kallon wata kyakkyawar mace mai santsin fuska a bangon ɗakina, ina ƙoƙarin in ga uwata a ciki, har na fara zargin kaina ko ni ce na manta kamanninta. Sai jiya na gane abin da ya faru.

Katin yana hannunka. In ba ka goge na asalin ba, ka san abin da ya kamata. Saura kwana bakwai.

Malamar gona

Ranar Laraba

'Yata,

Muna lafiya. Ba zan tsaya doguwar gaisuwa ba.

Na juya takardar. Na karanta. Mai ɗakina ta tambaye ni me ya faru, sai na miƙa mata. Ba ni da abin kare kaina. Na ga ɗigo, hannuna ya tafi da kansa kamar yadda ya saba, ban tsaya na ce wannan na kyamara ne ko na halitta ba. Ƙurar kyamara wuri ɗaya take zama a kowane hoto, ɗigon nan kuwa suna bin ƙwaron duk inda ya juya. Ni na koya miki wannan, ni kuma na kasa dubawa.

Na asali suna nan, ban taɓa goge na asali ba a rayuwata. Wasiƙarki ta zo Asabar, ofis a rufe. Litinin na hau matakala, aka ce Dakta ya yi tafiya. Talata na sake hawa, bai dawo ba. Ban rubuto miki ba don ba ni da abin da zan ce. Yau na zauna a benci tun kafin a buɗe, da hotuna shida ba gyara, har da mai yatsa.

Sakatariya ta ce an riga an rufe fayil. Na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, ki ce masa wanda ya ɓata aikin ne ya zo da kansa. Ya fito, yaro ne ma a kaina. Ya ajiye nawa mai ƙyalli kusa da na asali, ya ce, "Baba, wa ya taɓa wannan?" Na ce ni ne. Ya ce, "Don me?" Na ce don ya yi kyau. Kallon da ya yi mini, gara mari.

Kin san wanda ya ɗauka? Na arba'in da ɗaya. Ya ce rula ta ba shi girma, hasken da na ce ya yi yawa shi ya fito da ɗigon, yatsa kuma bai dame shi ba. Ya sa hannu a gabana, baƙon ne. Na bi takardar da ƙafata har sito, na tsaya aka ɗora katan huɗu a motar direba. Gobe suna wurinki, da katinki, da kwafin takardar don shugabanki. Na san kwana biyu suka rage, kuma na san ni na cinye sauran.

Maganar mahaifiyarki. Ita ba ta ce in cire ba. Ban tambaye ta ba. Da ta zo karɓa ta daɗe tana kallo, ta ce, "Yaya, ka mayar da ni wata," ta yi dariya, ni kuma na ɗauka yabo ne.

Ranar ɗaukar hoton sau biyu na danna. A na farkon wani abu ya ba ta dariya ta motsa, na ajiye shi gefe na ce ya lalace. Kwana uku ina zazzage gwangwanayen tsofaffin fim har na same shi. Yana cikin ƙaramin ambulan, ban taɓa komai a jikinsa ba. In kin ga dama ki buɗe.

Kawunki

Ranar Asabar ta sama

Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaida mai ɗakinka. Matakala ashirin da biyu sau huɗu, yaya gwiwa?

Magani ya iso, mun yi feshi Alhamis da Juma'a har hannu ya sage. Tsutsa tana zuba. Lambu ashirin da biyu za su tsira in Allah ya so, uku sun yi rabi. Na Baba na Ƙarshe ya riga ya naɗe. Mun yanka guda goma a gabansa, duka ruɓaɓɓu a ciki. Bai yi faɗa ba, ya ce, "Malama, ashe hoton yana kashe su, latti ya yi." Ya fara tuge su yana zubawa a kwando. Ban gaya masa dalilin lattin ba, kuma har yanzu raina yana ɓaci in na tuna, kada ka ce na huce gaba ɗaya. Sabon iri muke nema masa.

Shugaba ya buɗe durowa ya ajiye mini kyamarar a tebur.

Kwana shida ambulan ɗin yana ƙarƙashin rajista kafin na buɗe. Tunda ka koya mini duba hoto, bari in faɗa maka abin da na gani. Ta karkace. Hannunta na dama ya yi dishi-dishi. Mayafin ya zame, haske ya yi yawa a goshi, ƙafar fitilarka ma ta shigo ta gefe. Da ni ce maigidanka, da na karɓe kyamarar.

Na sa yatsa a ƙarƙashin idonta na hagu, tawadar tana nan inda na bar ta. Na sauke wancan daga bango na rataye wannan.

Ƙanena ya gani, yana son nasa. Ka wanke mana guda biyu ka ba direba ranar Litinin. Kada ka gyara komai, Kawu. Na rubuta shi a gaban takarda.

'Yarka